Mutumin da Ke Gudun Sanyi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, masu taurin kai irin ɗan kawuna da marasa aikin yi irina duka.

Kwana uku muka yi zaman makoki a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidansa, can bakin garin Kalgo inda hanya ke miƙewa ta nufi Diggi. Na zaci mu dangi ne kawai za mu zauna mu kalli juna, don marigayin ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, bai taɓa riƙe abin da ya fi hauya da guga ba. Sai ga mutane kamar ranar kasuwa. Makiyaya daga Wurogauri suka zo suka jingine sandunansu a jikin katanga. Mata masu tallar nono suka sauke ƙorensu suka shige cikin gida, muna jin kukansu daga waje. 'Yan kabu-kabu suka jera babura har suka tare hanya. Rana ta biyu wani direban babbar mota ya taka birki, ya leƙo ta taga ya ce, "Ina tsohon ga mai kwat?" Da aka gaya masa, ya sauko ya zauna a ƙasa, tabarma ma bai nema ba.

"Shekara da shekaru ina shan ruwanai," in ji shi, "wallahi ko sunanai ban sani ba."

Kowa ya zo, addu'arsa ɗaya: Allah ya jiƙansa, Allah ya sanyaya makwancinsa. Ta farkon ina amsawa da ƙarfi. Ta biyun kuwa sai amin ɗin ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Har liman ya lura, ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Taubashi, har yanzu wasan bai ƙare ba? Ka ce amin mana." Na motsa leɓe don ya ƙyale ni. Bai san abin da ke cikina ba. Shi ne zan amayar a nan, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci bayan gemu ya fito mini. Firamare a aji biyu na bar ta, ranar da malam ya ce in kawo ubana, ni kuma na ga babu dalilin wahalar da tsoho. In kun ga magana ta karkace, ba laifin biro ba ne.

Uwata ƙanwar ubansa ce. Ke nan shi ɗan namiji, ni ɗan mace, al'ada kuwa ta ce ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Ya girme ni da kusan shekara goma, ga girma ga al'ada, sai ya samu abin hawa. Tun ina yawo ba wando yake kirana Bawa. In na zo daga Gwandu, kafin in gama sallama zai ce, "Bawa ya iso, a ba shi tsintsiya." Ni kuma in ce, "Tsohon kwat, ba ka mutu ba?" Ya ce, "Wa zan bar ma gadonka?" Shekara sittin ban taɓa amsa sunan nan ba. Ban taɓa ɗaukar masa ko buta ba, don kada ya kafa hujja.

Kwat ɗin da ake magana baƙa ce, ta gwanjo, mai kauri, irin ta ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. A kan riga yake ɗora ta. Cikin bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, za ka gan shi ya ɓalla maɓallanta har wuya, gumi na bin gemunsa, yana cewa alhamdu lillahi yau gari ya yi daɗi. Duk Kalgo na kwana a tsakar gida saboda zafi, shi yana ɗaki ya ja ƙofa. Ruwan shansa a rana yake aje shi. Kowace cuta a wurinsa sanyi ce. Gwiwa ta yi ciwo, sanyi. Akuya ta yi tari, sanyi. Rediyonsa ta daina magana, ya girgiza ta ya ce sanyi ya shige ta, ya shanya ta a kan katanga. Yana da wata magana da har jikokinsa sun haddace: "Zafi abokin gaba ne mai sallama. Sanyi ɓarawo ne."

To wannan mutum shi ne mai ruwan da ya fi na kowa sanyi a duk hanyar Diggi.

Randuna biyu ya binne har wuya cikin rairayi a gindin dogon yaron nan. Kullum bayan sallar asuba zai kwashe na jiya ya zuba wa rairayin, ya wanke su, ya ɗebo sabo daga rijiyar bayan gida ya cika. Ranar Juma'a ya turara su da kajiji. Ya rufe da faifai, ya ɗora moɗa. Sai ya koma zaure ya zauna cikin kwat ɗinsa, nesa da su, kamar mai kiwon kura. Mai wucewa zai tsaya ya ɗaga murya, "Mai gida, akwai sanyi?" Shi kuma daga zaure ya amsa, "Akwai. Sha ka rufe." Ko kurɓa ɗaya bai taɓa yi ba. Kuma bai yarda wani ya cika masa su ba. Ranar da ya aurar da ɗiyarsa, sai da angwaye suka jira shi ya gama jan guga.

Mun taɓa ɓatawa sau ɗaya, kuma ni na ja. Shekarar da aka fara kawo ƙanƙara a buhu ana sayarwa a kasuwar Kalgo, shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Yana alwalar azahar, ya sunkuya zai wanke ƙafa, na lallaɓo na jefa masa ƙulli guda ta wuyan kwat. Na ja da baya ina jiran ya yi tsalle a yi dariya. Bai yi tsalle ba. Ya sandare a durƙushe, buta ta kife, idonsa a buɗe amma ba mu yake gani ba. Da ya dawo hayyacinsa ya miƙe ya shige gida.

Damina guda bai yi mini magana ba. Na aika masa da albasa, ya maido. Na zo da kaina, ya ce a ce ba ya nan, ina hango ƙafarsa a zaure. Abin da ya fi ci mini rai, ya daina kirana Bawa. Ashe sunan da nake ƙi, shi ne abincina.

Da kaka ya aiko in zo. Ya kai ni gindin dogon yaro muka zauna, karo na farko da na ga ya zauna kusa da randunan.

Na san kawu, ubansa, gulbi ne ya ci shi. Ina ƙarami aka yi, abin da aka gaya mana ke nan. Ranar ce na ji sauran. Tare suke cikin jirgin ruwa, sun fita kamun kifi da hantsi, ruwa ya cika ya tumbatsa, jirgi ya kife. Shi ya samu reshen giyayya ya runguma, ruwa iya wuya. Kawu ya riƙe ƙafarsa.

"Daga hantsi har la'asar, Bawa. Sanyi ya fara da yatsuna, ya hau, ya hau, har ban san ina da ƙafa ba. Ban ji lokacin da ya sake ni ba. Ka gane? Ban ji ba. Ina ta yi mai magana, ina cewa Baba riƙe, Baba riƙe, ashe ni kaɗai nika zance."

Ba a ga gawar ba. Babu kabarin da za a je a yi wa addu'a. Ya bar kamun kifi, ya hau tudu ya kama noma, ya binne randuna. "Ruwa ya ci shi," in ji shi, "to ruwa ya riƙa yi mai sadaka. Ran da sunka bushe, ran nan na sake shi karo na biyu."

Sannan ya kama hannuna. "Tunda kai ka iya wasa da sanyi, kai zan ɗora ma. Ran da na kasa, kada ka bari sanyi ya taɓa ni. Ko wankan gawa, da ruwan ɗumi. Ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka. Alkawari a bakin marar aikin yi ba ya da nauyi, ga shi mutumin ƙato ne, na zaci shi zai binne ni.

Bazarar bana, wata Talata da safe, matarsa ta ji guga ya faɗa rijiya da igiyarsa. Ta fito ta same shi kwance a bakin rijiya, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama kamar ba nasa ba. Maƙwabta suka taru aka kai shi ɗaki. Kowa ya san ciwon: sanyi ne ya buge shi, ba ga shi a bakin ruwa ba? Aka lulluɓe shi da bargo biyu a kan kwat, aka kawo garwashi a kasko, aka shafe shi da man zafi. Don ƙauna aka yi, babu mai nufin sharri. Sai da hantsi ya yi aka tuna a kira ɗiyarsa, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Ta zo ta ga kasko, ta yi salati, ta yaye barguna, ta nemi mota zuwa birni.

Ni da la'asar na isa, don daga Gwandu mota biyu ce. Na shiga ɗakin da aka kwantar da shi, gadaje a jere, taga mai ƙarafa, iska kamar daga bakin tanderu. Na ce, "Tsohon kwat, wane sabon salo ne wannan?" Ya juyo da ido ya dube ni. Ya gane ni sarai. Na ga amsar ta taso, na gan ta a goshinsa, amsa mai zafi irin tasa, ta zo har baki ta rasa ƙofa. Mutumin yana nan ciki da duk wayonsa. Gidan ne aka kulle, aka tafi da mabuɗi.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Likitan, wani saurayi mai haƙuri, ya ce a cire kwat, a cire hula, a kunna fanka, a riƙa jiƙa tawul ana sa masa a goshi da wuya da hammata, ga allurar saukar da zafi. Na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Likita, wannan mutumin da kake gani, in ka ba shi zaɓi tsakanin wuƙa da jiƙaƙƙen tawul, wuƙa zai ɗauka."

Ya ce, "Baba, me kake nomawa?"

"Albasa. In an ce ina noma."

"To ka ɗauka hanyar ruwa ta toshe, fangali ɗaya bai samu ba. Na tsakiya ya bushe, wannan sai haƙuri. Amma na gefe-gefe fa? Sun yi yaushi, ba su mutu ba. In rana ta ƙwalle a kansu?"

"Su bi na tsakiya."

"In an yi musu inuwa?"

"Su ɗan jira."

"Haka ƙwaƙwalwarsa take. Jijiya ta toshe, jini bai kai wani wuri ba. Na gefen yana jira. In jiki ya yi zafi, ƙwaƙwalwa ta fi cin abinci, ga shi kuma abincin ba ya isowa. Akwai ƙasashen da ke gwada na'ura mai sanyaya mutum har ƙasa da yadda Allah ya yi shi, ba a gama sanin amfaninta ba. Mu nan ba ma neman wannan. Ba ƙanƙara na ce ba, kada ya yi ta makyarkyata. Kada dai a bar zafin ya hau."

Na gane maganarsa tsaf, abin da ya ɓata mini rai ke nan. Da ban gane ba da na huta.

Aka cire kwat. Ban taɓa ganinsa babu ita ba tun ina saurayi. Ashe ƙaton nan rabinsa ulu ne. Ɗiyar ta matse tawul ta ɗora masa a goshi, ya sa hannun hagu ya ture. Ta mayar, ya ture. Ta riƙe hannun tana cewa, "Baba, yi haƙuri, Baba, don Allah," hawaye na zubo mata, tana ci gaba da aikinta. In wuta ta ɗauke, ni ake ba mafici. Ni da na ɗauki alkawari a gindin dogon yaro, ni ne zaune ina yi masa fifita a kan jiƙaƙƙen tawul, yana kallona. Na rasa inda zan sa idona. Na dubi taga, ƙarafa. Na dubi ƙasa, kwanon ruwa.

Rana ta uku magana ta fito. Kalma ɗaya. Ya tattara duk ƙarfinsa, jijiyar wuya ta miƙe, ya ce, "Sanyi."

Matarsa ta zabura. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Sanyi shika ji. Ku kashe abin ga, ku rufe min miji!"

Ɗiyar ta ce, "Inna, taɓa jikinai ki ji, kamar garwashi. Sanyi shika so. Cewa ya yi a ƙara mai."

"Ke za ki gaya min abin da shika so? Kafin a haife ki nika shanya mai ruwan sha a rana!"

"Inna, ba gardama nika yi ba, aikina ne."

"Aikinki ne ki kashe ubanki?"

Har masu jinyar wasu gadajen suka juyo. Shi kuma ya kamo gefen rigata da hannun hagu, ya ja, ya sake cewa, "Sanyi." Sai duk su biyun suka juyo kaina. Matar ta ce, "Ɗan Gwaggo, kai ka san shi. Mi shika nufi?" Ɗiyar ta ce, "Baffa, ka ji abin da likita ya ce."

Shekara sittin ina alfahari na san mutumin nan kamar aljihuna. Na buɗe baki, ni da ba a taɓa kayar da ni a zance ba daga Gwandu har Dodoru, na ce bari in je in yi alwala.

Kwana biyu muna haka. Ya ce sanyi, uwa ta ce a rufe, ɗiya ta ce a jiƙa. Da zarar na zauna sai ya damƙi rigata. In na bi likita na ci amana. In na bi alkawari na ƙone na gefen fangali. Ko abinci ban iya ci ba, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar Asabar da azahar ɗiyar ta fita karɓo magani. Matar ta buɗe jakarta ta ciro kwat, ashe tana nan a naɗe tun ranar farko. Ta miƙo mini. Na dubi ƙofa. Na dube shi. Na tuna reshen giyayya. Na miƙe na kashe fanka, na cire tawul, na shimfiɗa masa kwat ɗinsa har wuya, matar ta ɗora zanenta biyu a kai. Na ce, "To ga ta nan, tsoho. Na cika alkawari. Sake min riga."

Bai sake ba. Ya ƙara damƙewa. Hawaye ya gangaro ta gefen idon hagu ya shiga kunnensa. Ya ce, "Sanyi."

Nan na soma shakkar abin da na yi. Amma girman kai ya hana ni yaye abin da na shimfiɗa. Muka zauna muna kallonsa yana gumi, layin magani kuwa ya yi tsawo, har aka kira la'asar. Da ɗiyar ta shigo, ta tsaya cak. Ta yaye komai, ta sa masa ɗan tsinken auna zafi a hammata, ta duba, ta fita da gudu ta kira likita. Da ƙura ta lafa ba ta yi wa uwarta faɗa ba. Ni ta duba.

"Baffa. Kai ma?"

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari da safe ta ce in je Kalgo in ɗauko masa riguna masu tsabta. Rigunan na nan cike da jaka. Na gane kora ce cikin ladabi, na hau kabu-kabu.

Gidan a rufe, duk an tare a asibiti. Na zauna a zaure, a daidai inda yake zama, ina jin kaina kamar kare da ya ci ƙwai. Sai ga wata tsohuwa mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a gindin dogon yaro. Ta ɗaga faifai ta leƙa. Ta ɗaga ɗayan. Ta juyo wajen zaure, ta ga mutum a inuwa, ta ɗaga murya.

"Mai gida, yau ma babu sanyi?"

Ku da kuka yi karatu na san kun daɗe da ganewa. Ni sai da aka kira mini shi a kunne. A cikin gida randa ake ce musu. 'Yan hanya ne ke cewa sanyi, shi kuwa da su yake wuni. Kwana shida randunan kawu a bushe, rairayin ya yi fari, har gizo-gizo ya fara saƙa a bakin ɗaya.

Na aro guga a maƙwabta. Ni da ban taɓa jan ruwa ba tun da na yi aure, na ja har bayana ya ce ƙas. Na wanke su, na cika ta farko, na cika ta biyu, na jiƙa rairayi. Tsohuwar ta jira, ta ɗiba ta kurɓa, ta yatsine fuska.

"Wanga ruwa da ɗumi. Kai ba mai gidan ba ne."

Na ce, "Bawansa ne." Kafin in ankara maganar ta fita.

Na koma birni rigata jiƙe sharkaf har ƙirji, ga rairayi a gwiwa, riguna kuwa na manta da su. Ɗiyar ta tare ni da ido, na ce, "Ɗiyata, bar ni minti ɗaya, in na yi ɓarna ki kore ni gaba ɗaya." Na durƙusa a gefen gado. Na kamo hannunsa na hagu na ɗora a kan jiƙaƙƙen hannun rigata, na sa yatsunsa suka taɓa rairayin.

"Na cika su. Duka biyun. Na jiƙa ƙasa. An sha, an rufe."

Ya daɗe yana murza rairayin tsakanin yatsu. Ya dube ni. Na ce, "Gobe ma zan cika, ranka ya daɗe." Ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga. Wallahi dariya ce, dariyar mugunta, irin ta wanda ya ci shari'ar shekara sittin. Sannan ya sake hannuna, ya lumshe ido. Ɗiyar ta matso a hankali ta ɗora masa tawul. Bai ture ba.

Bai sake faɗin kalmar ba. Ba zan yi rantsuwa cewa randunan yake nufi ba, don bai ce ba. Mai yiwuwa gajiya ya yi da mu. Kwana uku ina kai da komo tsakanin rijiya da asibiti, ina kawo masa rahoto, wa ya sha, wa ya yi ƙorafi. Zazzaɓin ya sauka, ya dawo, ƙirji ya cika. Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Ni na yi masa wanka. Na sa aka ɗora tukunya, na gwada ruwan da gwiwar hannu kamar na jariri, sannan na bari ya taɓa shi. Wannan rabin alkawarin dai ban ci ba.

Bayan an share makoki na samu ɗiyar ita kaɗai, na tambaye ta abin da ke hana ni sukuni. "Kwat ɗin nan da na rufa mai, ita ce?" Ta ce, "Baffa, ba ta taimaka ba, ba zan yi ma ƙarya ba. Ko ita ce, ko garwashin farko, ko tun a bakin rijiya an gama, likita ma ya ce ba shi iya rabewa. Kwana ne ya ƙare." Ba ta wanke ni ba, ba ta ɗaure ni ba. A nan tsakiya ta bar ni, a nan nake har yau.

An yi arba'in, ban koma Gwandu ba. Matata ta aiko tana tambaya ko sabon aure na yi a Kalgo. 'Ya'yansa maza suna can garuruwan da suke aiki. Na so in gudu sau biyu, na ɗaure kayana, sai in ji an ɗaga faifai a waje. Mutumin nan bai iya sa ni ɗaukar buta yana da rai ba, sai da ya rasa baki ya ɗaure ni da igiyar guga. Ruwan nawa har yanzu bai kai nasa ba, tsohuwar nan mai nono kullum sai ta gaya mini. Matarsa ta fara koya mini turaren kajiji, muna yi ba ma haɗa ido, don tare muka rufa kwat ɗin.

Jiya liman ya biyo ta nan zai je Diggi ɗaurin aure. Ya tsaya ya ce, "Akwai sanyi?" Na ce, "Akwai. Sha ka rufe." Ya sha, ya share gemu, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya sanyaya makwancin mai randuna."

Na ce, "Malam, tsaya. Addu'ar nan tana karɓar gyara?"

Ya ce, "Kai dai ba ka rabo da fitina. Faɗi mu ji."

Na ce, "Sanyin randa. Ba na gulbi ba."

Liman bai san zancen giyayya ba, amma ya dube ni, ya sake ɗaga hannu ya faɗe ta yadda na gyara. Amin ɗin da ta maƙale mini tun ranar jana'iza ta fita.

Allah ya jiƙan ɗan kawuna, ya haɗa shi da ubansa a inda babu mai sakin wani. Wanda ya karanta wannan, in hanya ta biyo da shi ta bakin Kalgo, ya tsaya ya sha, ya yi musu fatiha su biyu. In ya ji ruwan da ɗumi ya yi haƙuri, bawan sabo ne.